Me ya sa kifin sitilhed ke ƙin fatsata a kogin Rocky?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mazaunin Cleveland ne a jihar Ohayo ta Amurka, amma a Yawuri na tashi, na san fatsa tun ina yaro, tarwaɗa da kurungu ba sa ba ni wuya. Tun watan Oktoba nake zuwa kogin Rocky neman sitilhed. Ina sa tana da darma mai nauyi, in jefa, in zauna jira. Na gefena suna ta ciro kifi, ni kuwa kullum hannu Rabbana nake komawa gida. Ina gyaran yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Zaman jiran nan shi ne ya hana ka kifi. Dabarar da ka zo da ita daga Yawuri daidai take ga tarwaɗa, domin tarwaɗa da hanci da gashin baki take kiwo, tana bin ƙasan ruwa har ta tarar da koto inda aka ajiye shi. Sitilhed kuwa, babban kifin nan ɗan dangin salmon, ba kiwo ya kawo shi kogi ba. Ya ci ya ƙoshi a Tafkin Erie, babban tafkin da kogin Rocky ke zuba a cikinsa, ya shigo rafi ne don ya saka ƙwai, kamar matafiyin da ya ɗauko guzurinsa ya yada zango a bakin hanya: ba zai tashi ya shiga gari neman abinci ba, amma in aka ratsa ta gabansa da abin taɓawa yana iya miƙa hannu. Yana tsaye wuri guda, kai na fuskantar inda ruwa ke fitowa, ciki kusa da ƙasa. Abin da ruwa ya ɗauko ya kawo masa daidai baki, da gudun da ruwan kansa yake yi, shi yake kamawa. Koton da darma ta danne a ƙasa, ko wanda zare ke ja yana gudun da ya saɓa wa na ruwa, kallonsa kawai zai yi.

Ka fara sanin kifin da kake nema. Asalinsa na gaɓar tekun Fasifik ne, daga Kalifoniya har Alaska da yankin Kamcatka na Rasha. A can ana ƙyanƙyashe shi a kogi, ya tafi teku ya girma, ya dawo. An kawo shi yankin Manyan Tafkuna, waɗanda Erie ɗaya ne daga cikinsu, tun shekarun 1870, kuma a nan tafki ne ya zame masa teku. Na Ohayo akasarinsu 'yan gidan kiwo ne, domin ƙasan rafukanmu shimfiɗaɗɗen dutse ne mai laushi, tsakuwar saka ƙwai kaɗan ce, ruwan kuma yana ɗumi da yawa a watannin Yuli da Agusta, 'ya'yan ba sa kai labari. Hukumar kula da namun daji ta jihar tana samo irin kogin Little Manistee na Mishigan, ta rene su a gidan kiwon kifi na Castalia, ta saki fiye da 400,000 duk shekara a koguna irin su Vermilion da Rocky da Chagrin da Grand da Ashtabula da rafin Conneaut. Bayan shekara biyu ko uku a tafki sukan dawo da tsawon inci 25 ko kusa da haka, nauyi kilo biyu da rabi zuwa uku. Abin da ya shafe ka a nan shi ne lokacin shigowarsu. Irin Manistee ba ya gaggawa: wasu kan shigo daga Nuwamba, amma cikar kasuwar sai Maris da Afrilu. Na jihar Fensilbeniya, wato na rafukan Elk da Walnut, su ne masu sammako a Oktoba da Nuwamba. Don haka kifin da ka tarar a Rocky a Oktoba bai kai rabin abin da ke tafe ba.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe, don ya fi duk wani kayan da za ka saya amfani: ranar zuwa. Ruwan sama ko narkewar ƙanƙara ne ke ɗaga kogi, kogi in ya ɗaga kifi ya taso daga tafki ya shigo. Ranar da ruwan ya cika ya yi jajir da laka, zauna a gida, kifi ba ya ganin komai, kai ma kana iya rasa ranka. In an daɗe ba ruwa kogin ya janye ya yi garau har kana ƙirga duwatsun ƙasa, kifin yana ganinka kafin ka gan shi, ya firgita, ya kulle baki. Tsakanin waɗannan biyun akwai 'yan kwanaki da ruwa ke sauka yana washewa, launinsa ya koma kore-kore. Ka shiga har ruwa ya kai maka gwiwa ka dubi takalminka. In kana ganinsa dishi-dishi, ranar ce. In ba ka ganinsa sam, ka yi sauri. In kana ganin igiyar takalmin tar, ka makara, sai dai dabarar ruwa mai haske da zan zo kanta.

Ba sai ka ƙona mai ka je ka duba ba. Hukumar binciken ƙasa ta Amurka, USGS, tana da ma'aunai a kogunan nan, tana sa alƙalumansu kyauta a intanet, ana sabunta su a kai a kai. Suna auna yawan ruwan da ke wucewa a daƙiƙa guda, da ma'aunin da suke rubutawa cfs. Masu su na yankin sun saba ɗaukar 150 zuwa 250 a matsayin daidai ga Rocky, Chagrin ya ɗan ɗara haka, Grand kuma wajen 250 zuwa 450. Kada ka dubi lamba kaɗai, dubi inda layin ya dosa. Ɗari biyu da hamsin mai sauka alheri ne, ɗari biyu da hamsin mai hawa laka ce ke tafe. Kogunan kuma ba tare suke washewa ba. Ƙananan rafuka kwana ɗaya ko biyu sun gyaru, Rocky kwana biyu zuwa uku, Chagrin ya biyo baya, Grand kuwa yakan ɗauki mako ko fiye saboda faɗin ƙasar da yake kwasar ruwanta. Wanda ya gane wannan jerin, ruwan sama guda ɗaya zai ba shi su na mako guda, yana tashi daga wannan kogi zuwa wancan. Mai aikin da Asabar kaɗai yake da ita kuma, sai ya zaɓi kogin da ya dace da Asabar ɗin maimakon ya nace wa wanda ke kusa da gida.

In ka isa bakin ruwa, yawancin kogin fanko ne. Nemi inda ruwa ke tafiya daidai saurin mutum mai tafiyar ƙasa ba gaggawa, zurfinsa ƙafa uku zuwa shida. Dubi saman ruwa da kyau, za ka ga wani layi inda ruwa mai gudu ya haɗu da mai sanyin tafiya, sau da yawa kumfa da busassun ganye suna bin layin. A ƙarƙashinsa kifi ke tsayawa, jikinsa a ruwa mai sauƙi, idonsa a kan abin da mai gudun ke kawowa. Sauran wuraren su ne bayan babban dutse da gabansa, gindin itacen da ya faɗa ruwa, da wutsiyar gurbi inda ƙasa ta fara tasowa kafin ruwa ya sake karyewa. Nan kifin da ya gama haye ruwa mai ƙarfi yake tsayawa ya huta. A Rocky da 'yan'uwansa akwai ƙari guda: tsagar dutse. Shimfiɗaɗɗen dutsen nan yana da ramuka da gefuna, daga sama sai ka ga wani dogon zane mai duhu a tsakiyar ƙasa mai haske. Ko faɗinsa bai wuce taku ɗaya ba, bi ta kansa da koto.

Sanyin ruwa yana sauya wurin zama. Tsakanin digiri 6 zuwa 12 a ma'aunin Salshiyas kifin na da kuzari, yana shiga kan gurbi inda ruwa ke da gudu, yana iya matsawa taku biyu ya cafki abu. In ruwa ya sauka ƙasa da digiri 4, kamar a Janairu da Fabrairu, sai ya koma tsakiyar gurbi mai zurfi mai sanyin tafiya, kuma sai ka kai masa koto kusan ya taɓa leɓensa. A irin wannan lokaci sammako ba shi da riba, tsakanin hantsi da La'asar ne ruwa ke ɗan sassautawa. A Oktoba da Afrilu kuwa, kana sallame Asuba ka kama hanya, domin sa'ar farko ta wayewar gari ta fi sauran yinin.

Kayan aiki. Ga wanda zai fara, babu abin da ya kai fatsar 'yar gora, wato ɗan abin nan mai iyo a saman ruwa wanda koto ke rataye a ƙarƙashinsa. Sanda doguwa mai laushi, ƙafa 10 ko 10 da rabi, da kwarkwaron naɗe zare na yau da kullum. Za ka ga wasu da sanda ƙafa 13 da wani faifai mai juyawa da kansa wanda suke kira santafin. Ya fi kowane kaya iya sakin zare daidai gudun ruwa, amma koyon jifa da shi aiki ne, bar shi sai baɗi. Babban zare mai ƙarfin fam 8 ko 10. 'Yar gora mai ɗaukar giram 4 zuwa 7. A ƙarƙashinta ka jera ƙananan ƙwayoyin darma, manya a sama, suna raguwa zuwa ƙasa, tazarar ɗan yatsa huɗu ko biyar a tsakaninsu, har sai gorar ta nutse saura kanta mai launi kawai a waje. Sai ɗan ƙarfen mahaɗi mai juyawa, sai siririn zaren gaba na fulorokabon, wato zaren da ba a cika ganinsa a ruwa ba, mai fam 6, tsawon kamu biyu zuwa uku, sai ƙugiya lamba 8 ko 10. Na san za ka raina ƙugiyar in ka gan ta. Kada ka raina, ita ke riƙe kifin kilo huɗu.

Zurfi shi ne inda mafi yawan sababbi ke faɗuwa. Koto ya bi tazarar da ba ta wuce kamu ɗaya daga ƙasa ba. Hanyar ganewa: ƙara tsawon zaren da ke ƙarƙashin gora kaɗan-kaɗan, kana jefawa, har ka ga gorar tana tuntuɓe, kanta ya karkata ya nuna inda ruwa ya dosa. Wannan alama ce koto na jan ƙasa. Sai ka rage kamar faɗin tafin hannu. Duk sanda ka matsa wani wuri, sake wannan awon. Mutum yakan sauya koto sau goma a banza, alhali abin da ya rage masa ya tura gora sama kamar inci shida.

Sai tafiyar kanta. Jefa gaba kaɗan da inda kake tsaye, ta wajen da ruwa ke fitowa, ɗaga sanda, ka ɗauke zare daga kan ruwa iya yadda za ka iya. Ruwan sama-sama ya fi na ƙasa gudu, don haka in ka saki komai gora za ta yi gaba tana jan koto a baya da saurin da kifi bai yarda da shi ba. Ka ɗan riƙe zaren da yatsa, riƙo mai sauƙi, yadda gorar za ta tsaya cak ko kanta ya ɗan karkato wajen da ruwa ke fitowa. A haka koto ne ke gaba, shi kifi zai fara gani kafin darma da zare. Dubi kumfar da ke gefen gorarka: in gorar tana tafiya daidai da kumfar ko ta ɗan gaza ta, ka yi daidai. In zare ya kwanta a ruwa ya yi baka, ɗaga shi a hankali ka mayar da shi bayan gora ba tare da ka girgiza ta ba. Fara da layin da ke kusa da ƙafarka, sannan ka ƙara taku ɗaya, ka ƙara wani, har ka share faɗin wurin. In ka bi kowane layi sau da dama, ka sauya zurfi, ka sauya launi, shiru, tashi ka yi gaba. Masu kama kifin nan da ƙafa suke kama shi.

Cizon ba kullum yake da ƙarfi ba. Wani lokaci gora takan ɓace ɗungum, wani lokaci ta ɗan dakata ne kawai, ko ta karkace gefe, ko ta nutse rabi. Duk abin da ta yi wanda ruwa bai sa ta ba, ɗaga sanda nan take. Kifin yana tofar da abin da bai gamsu da shi ba cikin ƙiftawar ido. Sau da yawa dutse za ka kama, ba komai.

Koto mafi karɓuwa ƙwan kifi ne, na salmon ko na sitilhed ɗin kansa, ɗaure cikin ɗan ƙyallen raga. Shagunan kayan su na sayar da ɗaurarre, amma ɗaurin hannunka ya fi. Yanka ragar murabba'i, kamar inci uku kowane gefe, zuba ƙwai huɗu ko biyar a tsakiya, tattaro kusurwoyin, murɗa har ƙullin ya yi ɗaure ba tare da ƙwai ya fashe ba, naɗa zaren roba sau shida ko bakwai, ja ya tsinke, datse saman da almakashi. Soka ƙugiya ta gefen ragar, bakinta a waje. In ruwa da duhu, babban ƙulli mai ruwan hoda mai haske ko rawaya mai ɗaukar ido. In ruwa ya washe, ƙarami fari ko mai launin ƙwan kansa. Duk ƙullin da ya yi fari fat ya saki ƙamshinsa, cire shi. Bayan ƙwai sai jig, wato ƙaramar ƙugiya mai kan darma da gashin tsuntsu, fari ko baƙi, a soka mata tsutsa biyu ko uku; farin yana kama da ƙananan kifayen da sitilhed ya saba ci a tafki. Akwai kuma ƙwayar roba mai milimita 8 ko 10 da ake maƙalawa a zare kamar inci ɗaya da rabi sama da ƙugiya. Tanarka ma ba ta faɗi ba, musamman a Afrilu bayan ruwan sama, muddin tafiya take yi a ƙarƙashin gora.

Koton ƙarya na ƙarfe, mai siffar cokali da mai juyawa, irin su Little Cleo da Blue Fox, suna aiki a Oktoba da Nuwamba kusa da bakin tafki, lokacin da kifi sabon shigowa ne ruwa kuma bai yi sanyi ba. Jefa a ƙetare, bar ruwa ya kewayo da shi, naɗa a hankali. Masu fatsar ƙuda, wato masu koton ƙarya mai kama da ƙwaro ko ɗan kifi, da doguwar sandar hannu biyu suna bin wannan tsarin da gashin tsuntsu. Cizo kaɗan suke samu, amma in ya zo kamar zai fizge sanda daga hannu. Abin sha'awa ne, sai dai ban ba ka shawarar farawa da shi ba.

Ƙananan rafuka, da ma Rocky in ya janye, suna son wani hali daban. Rage komai: zaren gaba fam 4, ƙugiya lamba 12 ko 14, ƙwai ɗaya tak ko ƙaramin ƙulli, ƙaramar gora marar launi a jiki. Sa tufafi masu duhu, taho ta ɓangaren da ruwa ya dosa tunda kifin inda ruwa ke fitowa yake kallo, kada inuwarka ta faɗa kan gurbi, kuma in za ka iya jifa daga gaɓa kada ka shiga ruwan. Tabarau mai kashe ƙyallin ruwa zai nuna maka kifi kwance kamar inuwa mai launin toka. Tarkon da ke nan shi ne ka ga garke a fili cikin ruwa garau, mutane sun kewaye shi tun safe, kai ma ka tsaya. Waɗannan sun ga komai, sun daina. Wuce su ka nemi inda saman ruwa ke a karye, ko da zurfin bai wuce cinya ba. Kifin da ke ƙarƙashin irin wannan ruwa hankalinsa kwance yake.

In ya kama, zai ruga, zai yi tsalle, wani lokaci ya juyo kanka da gudu har zare ya saki. Tun kafin jifar farko ka daidaita birkin kwarkwaro yadda zare zai fita in ka ja shi da hannu da ɗan ƙarfi. Kada ka danne shi, kada ka taɓa birkin ana tsakiyar kokawa. Karkatar da sanda gefe, ɓangaren gaɓa, maimakon ka miƙe ta sama, wannan ke juya kan kifi ya fitar da shi daga ruwa mai ƙarfi. In ya bi ruwa ya gangara, bi shi ta gaɓa. Yawancin kifi a taku biyun ƙarshe ake rasa shi, lokacin da mutum ya ƙagu ya kama zare da hannu. Sayi koma mai faɗin baki mai ragar roba, ka sa kan kifin ya fara shiga.

Doka kuma ba wasa a nan. Lasisin su na jihar wajibi ne, kuma in ka tsallaka Fensilbeniya sai nasu lasisin da izinin Tafkin Erie. A Ohayo, daga 1 ga Satumba zuwa 15 ga Mayu kifi biyu ne iyakar abin da za ka tafi da shi a rana, kowanne kada ya gaza inci 12. Duba littafin dokokin shekarar da kake ciki kafin ka fita. Abin da muka sani a gida na mamari, ƙugiya ta kama kifi a ko'ina a jiki, a nan laifi ne: wanda ƙugiya ta soka a baya ko a wutsiya dole a sake shi. Taru da birgi kada ma su zo maka a rai. Ƙasan rafi a Ohayo mallakar mai filin da ke gefensa ne, shiga ba izini keta haddi ne, don haka tsaya a wuraren gwamnati irin gandun Cleveland Metroparks da ke bin Rocky mil da yawa. In wata rana ka je Oregon ko Washinton, ka sani a can akwai na daji da dokar ƙasa ke karewa, kuma a mafi yawan koguna wanda aka yanke wa ɗan ƙaramin fiffiken da ke gaban wutsiya, alamar ɗan gidan kiwo, shi kaɗai ake ɗauka. Wanda za ka saka, jiƙa hannu, bar shi cikin ruwa, kada yatsa ya shiga ƙarƙashin marfin numfashinsa. Wanda za ka ci, zaɓi mai farin jiki kamar azurfa, sabon shigowa; wanda ya yi duhu da jan zane a gefe ya daɗe a kogi, namansa ya saki. Jihar tana fitar da shawara kan yawan cin kifin tafkin saboda wasu sinadarai masu cutarwa da ake kira PCB, ka karanta ta, musamman in da mai juna biyu ko yara a gida.

Wandon roba mai zuwa ƙirji kada ka sa shi ba ɗamara, domin in ka faɗi ruwa zai cika shi. Dutsen Rocky santsi gare shi, sayi takalmi mai ƙusoshi a ƙasa, kuma ruwan da ya wuce cinya a watan Janairu ba na tsallakawa ba ne. Ajiye busassun kaya a mota. Fitarka ta gaba, jira a yi ruwa, ka bi ma'aunin Rocky har ya sauko ƙasa da 300 yana ci gaba da sauka, ka ɗauki ƙullin ƙwai kamar ashirin masu launi biyu da farin jig guda uku, ka zaɓi gurbi uku da ke kusa da juna, ka ba kowanne minti arba'in kana gyara zurfi kafin ka taɓa sauya koto.